Jakar hannu ta miliyoyi: aikin hannu ake saye ko suna?

Ummu_Nabila:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai maganar da ta kwana biyu tana cina, na ce bari in kawo ta nan ko zan samu masu irin ciwona. Ni dai Allah Ya ɗora mini son jakar hannu da kayan manyan gidajen ɗinki na Faransa da Italiya, da kuma hotunan da ake ɗaukar su. Abin ya faro tun ina 'yar shekara 14, lokacin da ƙanwar mahaifiyata ta dawo daga Ingila da tsofaffin mujallun Vogue guda shida. Ita kwalaben turare ta naɗe da su don kada su fashe a akwati, ni kuwa na kwashe na ɓoye a ƙarƙashin katifa. Biyu daga ciki suna nan har yau.

Ba ni da Birkin, jakar nan mai tsada ta gidan Hermès, ban ma taɓa riƙe ta ba. Abin da na mallaka shi ne Speedy ta Louis Vuitton guda ɗaya, ta hannu, wadda na yi shekara biyu ina adashe kafin na saya, sai jakunkuna biyu na fatar akuya da wani baduku ya ɗinka mini a Kasuwar Kurmi. Shekaranjiya matar yayana ta same ni ina kallon bidiyon wata ma'aikaciyar Hermès tana ɗinki da allura biyu, na maimaita shi ya kai sau biyar. Ta ce, "Ke dai kina wahalar da zuciyarki, suna kawai suke sayar wa masu kuɗi." Maganar ta tsaya mini a rai. To don Allah masu sani, wanda ya zuba miliyoyi a kan jaka, aikin hannu ya saya ko suna? Kuma mai son abin don kyansa, ko da ba zai saya ba, akwai aibi a kansa?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Suna ne, ƙanwata, matar yayanki ta faɗa miki gaskiya. Cire tambarin ki kai ta Sabon Gari ki ji nawa za a taya.

Zee_Kaduna:
Haba Anti Maman Ilham, ai Sabon Gari ba ma'auni ba ce. Ko babbar riga mai aska takwas da aka yi wata uku ana ɗinkawa da hannu a Zariya, in kika kai wa wanda bai san ta ba, kuɗin yadi zai taya. Ummu Nabila, ni ma irinki ce. Daren da ake nuna kayan Schiaparelli a Paris ba na barci da wuri, kuma ko maɓallinsu ba ni da shi.

Dan_Dukawa:
Hajiya Ummu Nabila, ni jikan baduku ne, ɗan baduku, shekara 30 ina riƙe da basilla. Wannan ɗinkin allura biyu da kika gani ba sihiri ba ne, ɗinkin sirdi ne. Za a huda fatar tukuna, sai a ɗauki zare ɗaya mai allura a kowane baki, a shafe shi da kakin zuma, alluran su ratsa rami ɗaya, wannan ta nan waccan ta can. Amfaninsa, in zaren ya tsinke a wuri ɗaya sauran ba ya warwarewa. Keken ɗinki kuwa zare biyu yake sarƙewa, na sama da na ƙasa, in ɗaya ya yanke kika ja, sai ya bi layi ya zare. Shi gidan Hermès ɗin da kayan doki ya fara a Paris a 1837, linzami da ragama, daga baya sirdi, shi ya sa ɗinkin ya zauna musu. Masu yi wa dawakin hawan Sallah kaya a nan Kano sun san shi tun kaka da kakanni. Saboda haka aiki akwai shi, ba ƙarya. Ko ya kai kuɗin da suke sa masa, wannan kuma wata magana ce.

Fati_Landan:
Bari in ɗan yi gyara, ba don in rage miki daɗin jakarki ba Ummu Nabila. Jikin Speedy ɗin nan mai zanen LV ba fata ba ne, yadi ne mai kauri da aka shafe da roba. Mariƙin da bakin-bakin ne kawai fatar saniya, shi ya sa suke farawa da fari-fari su koma kalar zuma in sun sha hannu. Kuma da keke ake ɗinka mafi yawanta. Zanen ma ɗan mai gidan, Georges Vuitton, ya ƙirƙiro shi a 1896 musamman don ya wahalar da masu kwaikwayon akwatunansu. Kin ga tun farko tambari kariya ce ga suna. Kowane gida da nasa: a wani aiki ya rinjaya, a wani suna.

Ummu_Nabila:
Na san ba fata ba ce Anti Fati, tun kafin in saya. Amma shekararta 19 da ƙerawa, ni ce ta uku da na riƙe ta, zif ɗinta bai taɓa cijewa ba, kusurwoyinta ba su fashe ba. Jakunkunan da aka zuba mini a lefe guda bakwai ne, ba wadda ta ga shekara ta biyu. Duk sun yi ta saɓa kamar maciji.

Hajjo_Gombe:
Wannan saɓar ta jakunkunan lefe, wallahi ta ci mini rai. Kina tsakiyar biki ki ga baƙin gari yana zuba a kan farin leshinki. Araha ba ta ado dai.

Sadiya_Akanta:
Ni lissafi na sani, bari in kawo shi. Jakar Chanel mai sarƙa, matsakaiciya, a 2019 wajen dala 5,800 take a Amurka. Zuwa 2023 ta haura dala 10,000. Cikin shekara huɗu fatar tunkiya ba ta ninka kuɗi ba, albashin masu ɗinki bai ninka ba. Me ya ninka? Sannan a 2024 wata kotu a Milan ta sa ido kan wani reshen Dior da ke ba da aikin jaka ga ƙananan masana'antu, takardun masu bincike suka nuna ana biyan Yuro 53 a haɗa jakar da ake sayarwa Yuro 2,600 a kanti, ma'aikatan kuma suna kwana a wurin aikin. Wannan ba hira ba ce, kotu ce. Duk mai cewa aikin hannu kaɗai yake saye, ya amsa mini wannan.

Fati_Landan:
Sadiya, labarin gaskiya ne, amma a cika shi: Yuro 53 ɗin ladan haɗawa ne kawai, ban da kuɗin fata da ƙarafa. Duk da haka tazarar ta yi yawa, kuma halin da aka samu ma'aikatan ba abin karewa ba ne. Ni tun lokacin na fara tambayar inda aka ɗinka abu kafin in yaba shi.

Zee_Kaduna:
Na yarda da ku a kan farashi, amma kada a manta da dabarar da ke cikin ƙirar. Ita waccan jakar ta Chanel ta samo asali ne daga wadda ake kira 2.55, saboda a watan Fabrairun 1955 ta fito. Kafin nan manyan mata a hannu suke rungumar jaka, ita Coco Chanel ta sa mata sarƙar ratayawa a kafaɗa don hannun mace ya samu 'yanci. Yau har jakar dubu biyar ta bakin titi wannan ƙirar take bi. Gucci kuma da fata ta yi ƙaranci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai suka gasa gora a wuta suka lanƙwasa ta zama mariƙi, a 1947. Irin wannan tunanin nake so, wanda rashi ya haifa.

Abu_Hafsa:
Assalamu alaikum. Ni ba ma'abocin wannan harka ba ne, maiɗakina ce ta nuna mini, na ce bari in sa baki kaɗan. Son kyakkyawan abu ba laifi ba ne. An tambayi Manzon Allah (SAW) game da mutumin da yake son tufarsa da takalminsa su yi kyau, ya nuna cewa Allah Mai kyau ne kuma Yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. To ma'aunin ke nan. Wadda take kallon ɗinki tana jinjina wa hikimar da Allah Ya ba ɗan Adam, ban ga abin zargi ba. Wadda za ta ci bashi ko ta matsa wa miji don ta shiga taro a kalle ta, ko ta zuba miliyoyi a jaka maƙwabcinta bai ɗora tukunya ba, ita ce ya kamata ta binciki zuciyarta. Almubazzaranci kuma gwargwadon hali ne, abin da ya zama ɓarna gare ni ba lallai ya zama ɓarna ga wani ba.

Maman_Ilham:
Allah Ya saka da alheri Malam. Ni ma ban ce haramun ba ne. Na ce dai suna ne. A 2025 aka sayar da Birkin ta farko, ta ita Jane Birkin ɗin da aka sa wa jakar sunanta, a gwanjon Sotheby's na Paris, Yuro miliyan 8.6. Tsohuwar jaka ce mai tabo da shatin takardun da ta liƙa mata. Wane ɗinki ne ya kai haka?

Fati_Landan:
A watan Yulin 2025 ne Anti, wani ɗan kasuwa daga Japan ya saya. Amma waccan ta tashi daga jaka ta koma kayan tarihi, kamar a ce takobin wani sarki. Ba a auna ta da awon fata.

Rabi_Damagaram:
Sannunku 'yan'uwa, daga Zinder nake. Abin da yake ƙona mini rai in ana wannan hira shi ne ana yi kamar mu 'yan kallo ne, alhali fatar tamu ce tun asali. Abin da Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna kira fatar Maroko, suna rufe manyan littattafai da ita, da yawanta fatar jar akuya ce ta Sakkwato da Maraɗi. A ƙasar Hausa ake jeme ta, ayarin raƙuma su ketare Sahara da ita, ta isa bakin teku, sai ta ɗauki sunan inda aka loda ta a jirgi. Kun ga tun a wancan zamani wani ya yi aiki, wani ya ci suna. Kuma mu a Nijar mun ga abin da namu zai iya: Alphadi, mai zanen tufafi ɗan Nijar, ya shirya bikin nuna tufafin Afirka na FIMA na farko a 1998 a cikin hamada, a Tigidit kusa da Agadas, manyan masu ɗinki na duniya suka zo har can. Yayata ta je na Yamai daga baya, har yau tana ba da labarin jakunkunan Buzaye masu tuntaye da aka nuna.

Dan_Dukawa:
Hajiya Rabi kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Duk wanda bai taɓa shiga Majema ba ya je ya gani. A jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki, a kankare, a tsoma ta a ruwan bagaruwa ta kwana tana sha, a shafe ta da mai, a yi ta bugu da ja har ta yi laushi kamar ƙyalle. Jan launin nan namu da karan dafi ake yin sa, ba da sinadarin kanti ba. Fatar jar akuya ƙwayar idonta ƙanana ne a tsuke, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Manyan masana'antun Sharaɗa da Challawa kuwa jima suke yi su tura Italiya da Sifen, can a ƙarasa gyara, a yanka, a ɗinka, a buga tambari. Mu a bar mu da ragowar da aka tsince. Ƙirgin shanu kuma rabinsa ganda ake yi a cinye.

Sadiya_Akanta:
To ashe Birkin ɗin ma fatar Kano ce, muke ta wahala.

Fati_Landan:
A'a Sadiya, a nan sai an yi hattara. Ana yawan yaɗa wannan a Facebook ba tare da hujja ba. Mafi yawan Birkin fatar maraƙi ce, masu tsadar gaske kuma ta kada ko jimina. Akwai ma wadda suke kira Togo, mutane su ɗauka daga ƙasar Togo take, alhali sunan nau'in gyaran fatar maraƙi ne kawai. Cewa fatar awaki da tumakin Arewa tana zuwa Turai gaskiya ne. Nuna wata jaka a ce wannan akuyar Sakkwato ce, sai mai takarda.

Tela_Bilkisu:
Baba Ɗan Dukawa, da girmamawa, ina da ƙorafi a kanku. Ni tela ce, ina haɗa wa amare kaya, kuma na so a ce jakar gida nake ba su. Sau uku ina gwadawa. Fatar ba ta da laifi, amma zif ɗin na ɗari biyu ne, ƙarfen ya yi tsatsa da damina ɗaya, shafin ciki ya yage, gefen fatar a buɗe ba a goge ba, ga warin jima da ba ya fita. Na ba da samfuri na ce guda goma iri ɗaya, aka kawo mini goma kowace da tsawonta. Su waɗancan abin da suka fi mu ba fata ba ne, gamawa ce.

Dan_Dukawa:
Ban musa ba 'yata, gaskiya kika faɗa. Amma ki tambayi kanki nawa kika biya. Ana zuwa a ce a yi jaka kamar ta Italiya, a taya ta kuɗin buhun gawayi, a ce gobe ake so. Gyaran gefe kaɗai, a goge, a shafa, a bari ya bushe, a sake gogewa, sau uku ko huɗu, yini biyu ne. Su can mutum ɗaya yana shafe sa'o'i 15 zuwa 20 a kan jaka guda, an biya shi, ba mai tsaye a kansa. Ƙarfe mai kyau kuma ba a yin sa a nan, sai an yi oda da dala. Ki ba ni mako uku da kuɗin zif na ƙwarai, sannan ki yi mini hukunci.

Hajiya_Kumasi:
Ina gaishe ku daga Zango. Tun da ana maganar wa ya ci sunan wa, ku tuna da jakar nan ta leda mai gidan dara, Ghana Must Go. Sunan ya samo asali ne a 1983, da aka umarci baƙi marasa takardu su bar Najeriya, 'yan Gana wajen miliyan suka cusa kayansu a cikinta suka kama hanya. Jakar talaka ce, jakar gudun hijira. Sai ga Louis Vuitton a kayan bazarar 2007, zamanin da Marc Jacobs ke zana musu kaya, sun fito da mai kama da ita sak, an saƙa da fata an buga tambari. Ranar da na ga hoton ban san ko in yi murna ko in ji haushi ba. Har yau ban yanke ba.

Zee_Kaduna:
Hajiya ai shi ya sa nake murna in namu suka shiga ciki da kansu. Virgil Abloh, iyayensa 'yan Gana ne, ya riƙe ɓangaren maza na Louis Vuitton daga 2018 har rasuwarsa a 2021. Imane Ayissi ɗan Kamaru ya nuna kayansa a makon ɗinkin alfarma na Paris a Janairun 2020. Kenneth Ize ɗan Najeriya ya kai saƙar aso oke Paris a shekarar, fitacciyar mai tallan tufafi Naomi Campbell ta rufe masa taro. Ina jiran ranar da zan ga saƙi da rinin Ƙofar Mata a can da sunan ɗan Kano a jiki.

Auwal_Mai_Hoto:
Kun yi nisa a kan jaka kun bar rabin tambayar Hajiya. Ta ce hotuna ne suka fara kama ta, kuma ni a ganina nan asirin yake. Yawancinmu ba mu taɓa ganin waɗannan kaya ido da ido ba, hoto muka gani muka kamu. Ita jakar Kelly ta Hermès ma hoto ne ya yi mata suna, na 'yar fim Grace Kelly a 1956 tana kare cikinta da ita daga masu ɗaukar hoto.

Ni sana'ata hoton biki, amma malamaina na gaskiya su ne waɗannan tsofaffin. Richard Avedon a 1955 ya tsayar da mai tallan tufafi Dovima tsakanin giwaye a wani gidan wasa na Paris, sanye da baƙar rigar Dior wadda Yves Saint Laurent ya zana yana ɗan shekara 19. Ku duba yadda hannunta ya bi lanƙwasar hancinsu, santsin riga a gefen kaushin fatar giwa. Irving Penn kuma a 1950 wani ɗaki ya samu a saman bene a Paris, ba fitila, hasken taga kawai, da tsohon labulen gidan wasa da aka yar ya rataya a baya. Da wannan ya ɗauki hotunan da har yau ake koyarwa da su. Duk lokacin da yarana suka ce ba mu da kayan aiki, wannan nake nuna musu.

Ummu_Nabila:
Malam Auwal ka gama da ni. Hoton giwayen nan na gani a ɗaya daga cikin mujallun da na ce, an sake buga shi a wani shafi na tarihi. Ban san sunan kowa ba a lokacin, na dai san na kasa juya shafin.

Rabi_Damagaram:
Malam Auwal kada ka tsallake na kusa da mu. Seydou Keïta a Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, ya rataya zane mai fure a baya, mace ta zo da atamfa mai wani furen daban, su haɗu ba su yi faɗa ba. Malick Sidibé kuma ya bi samari da 'yanmata wuraren rawa, har aka ba shi babbar lambar bikin fasaha na Venis a 2007. A Najeriya ga Okhai Ojeikere da ya ɗauki kitso da ɗaurin kallabi kusan dubu, daga baya yake ɗauka don a ga ginin kitson. In ka buɗe akwatin kakarka za ka ga irin wannan tsayuwar: hannu a kan rediyo, jaka a cinya, ido cikin ido. Mu ma mun daɗe muna yi, ba a dai kira shi da sunan ba.

Hajjo_Gombe:
Wallahi akwai na mahaifiyata haka, 1976, da jakarta fara da takalmi mai tudu. Bari in nemo shi in ɗora.

Tela_Bilkisu:
Malam Auwal, tambaya ta aiki. Ina ɗinka kaya su yi kyau a ido, in na ɗauka da waya sai shadda ta yi ta walƙiya aikin wuya ya ɓace. Masu hoton da nake kira kuma sai su mayar mini da amarya fara sol, har danginta ba sa gane ta.

Auwal_Mai_Hoto:
Hajiya Bilkisu, kashe filasha, ita ce maƙiyiyar shadda. Ki tsayar da mai kayan a bakin ƙofa ko gefen taga da hantsi, hasken ya zo ta gefe, ba ta gaba ba. Hasken gefe ne yake fito da tudu da kwarin zare. Ɗaya gefen ki sa yaro ya riƙe farin kwali ko farin zani ya maido haske kan fuska. In waje ne, bayan la'asar sakaliya, ko ranar da hazo ya rufe rana, wannan hazon namu na hunturu ya fi duk wata lema ta situdiyo laushi. Jaka kuma ki cusa mata takarda ta tsaya da kyau, ki goge shatin yatsa a ƙarfen, ki ɗauka daga daidai tsayinta.

Batun farar amarya kuwa, ciwo ne da nake faɗa da shi kullum. Yana da tarihi: shekaru da dama kamfanin Kodak da hoton farar mace ake daidaita launi a wurin wanke fim, baƙar fata ta fito ba fasali. Yanzu na'ura ta gyaru, kanmu ne bai gyaru ba. Ku nemi aikin Nadine Ijewere, mahaifinta ɗan Najeriya ne, ita ce baƙar mace ta farko da ta ɗauki hoton bangon Vogue, na Birtaniya, fitowar Janairun 2019. Ku ga yadda baƙar fata take sheƙi in an bar ta yadda Allah Ya yi ta. Amma sai an faɗi gaskiya, amaren da kansu suke cewa a ƙara haske, in ka ƙi ba za su sake kiranka ba.

Amaryar_Bana:
Ni dai ban ga abin wahala ba. Dubai da Guanzu cike suke da irin waɗannan jakunkunan, har da kwali da kati. Na sayi uku, ba wanda ya taɓa ganewa a biki.

Zee_Kaduna:
Kama da wane ba ta wane, amarya. Ni ba don a gane ko kar a gane ba, na fi son jakar Baba Ɗan Dukawa da ba tambari a kan wadda take faɗin abin da ba ita ba.

Maman_Ilham:
To ai amarya ta ƙarfafa maganata ne. In har jabu tana biyan buƙata a biki, ashe abin da ake nema a gani shi ne tambarin.

Hajjo_Gombe:
Ni an taɓa cuta ta. Wata mai sayarwa a intanet ta ce ta asali ce ta hannu, na tura kuɗin da na tara na wata takwas. Da ta iso, warin roba ya fara gaishe ni, ɗinkin mariƙin a karkace. Na kira, layi a kashe. Wadda ta sayi jabu da saninta daban, wadda aka sayar wa da sunan ta gaske daban. Duk mai sayen ta hannu ta nemi hoton ciki da na ƙasa da na ɗinki kusa-kusa, kuma kada ta biya duka sai ta riƙe.

Ummu_Nabila:
Na gode ƙwarai, na karanta kowanne. Anti Maman Ilham, lissafin Sadiya ya shige ni, ba zan ce suna ba ya cikin kuɗin ba. Amma da na ɗauko jakunkunana uku na jera a kan gado, abin da idona ya fara nema shi ne layin ɗinki, ba tambari ba, kuma na ga ɗaya daga cikin na Kurmin ɗinkinta ya fi na Speedy kyau a wajen mariƙi, gefenta ne dai a buɗe kamar yadda Anti Bilkisu ta ce. Na gwada hoton bakin taga da safen nan, jar ta fito har ana ganin ƙwayar fatar. Baba Ɗan Dukawa, in na samo zif da ƙarfen da kaina, na ba ka wata guda ba mako uku ba, za ka yi mini mai allura biyu tun daga sama har ƙasa? Jan karan dafi nake so, ba ado ko ɗaya.

Tela_Bilkisu:
In za a yi, a yi biyu. Zan biya tawa, in ga ko za ta ci jarrabawar damina.

Dan_Dukawa:
Zan yi, da yardar Allah, amma da sharaɗi. Ni zan zaɓi fatar da kaina a Majema, don ba kowace ke ɗaukar ja daidai ba, kuma jaka mai girman da kike so za ta ci fatar akuya uku, sai an dace da masu kama da juna. Zif ɗin ki nemo na tagulla, kada ya gaza inci 12. Jan karan dafi yana ɗan zuba a farko, saboda haka kada a rataya ta a kan farin mayafi sai ta yi wata biyu. Hajiya Bilkisu, taki in damina ta zo kada ki kulle ta a leda, fumfuna za ta yi. Ki sa ta a tsohuwar rigar matashi, ki riƙa fito da ita tana shan iska a inuwa. Ku turo mini awon tsawo da faɗi da zurfi, da kuma abin da kuke zubawa a ciki kullum, don da shi zan san kaurin da zan ba gindinta.